Ƙanƙara a Bakin Indararo

Tun ranar da na haihu, duk wanda ya shigo gidanmu da "sannu maijego" yake farawa, har mai tallan kanwa. Uwar mijina ce kaɗai, Inna Balki, ba ta taɓa furta kalmar ba. Sai dai ta ce "ke", ko "ɗiyar mutane", in ranta ya yi fari ta ce "Sahura". In wata ta faɗa a gabanta, sai ta yi gyaran murya ta kau da kai. Abin yana cin raina, amma ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Uwata ta rasu, shi ya sa ma ban tafi gida haihuwa ba.

A wata 'yar tunga muke bayan Dogon Kiriya, kuma soro ɗaya ne a gidan. Bukkar Inna ana jiran sabon shucin rufi, don haka aka dawo da ita wurina, gadonta jikin bangon gabas. Tun bara ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Mijina Ma'azu kabu-kabu yake yi a Dogon Dutsi. Ya zo ya ga jaririya, ya koma sayayyar suna.

Kafin ya koma ya gama wani aiki da yake alfahari da shi. Ya cire tsohon indararon giginya da babansa ya sa, ya ce ruwansa yana faɗowa daga nisa yana cin gindin bango. Ya kawo tiyo na roba mai gwiwa, ya kafa shi a kusurwar soron, ya lanƙwaso ta jikin bango har kusa da ƙasa. 'Yar katangar da ta kewaye saman soron kuma ya shafe ta da siminti. Bakin tiyon ya sauka daidai kan wani faffaɗan dutse da ke bayan ɗaki, inda Inna take zuba wa doguwa, aljanar gidan, nono lokacin da take da ƙafa. Ma'azu ba ya son zancen dutsen tun da ya fara zaman wa'azi a gari, amma bai taɓa shi ba. Inna ma ba ta yi faɗa ba. Ta ce ruwan sama ba ya ɓata wa doguwa rai.

An sami ruwan shuka kwana guda kafin abin da zan faɗa, saboda haka ranar tungar ta watse tun da safe. Maza, mata, yara masu iya rufe rami da diddige, duk suna gonakin da ke ƙetaren ƙorama. Maƙwabciyarmu Gwaggo Hure, wadda ke yi mini wankan jego, ta ɗora babbar tukunya a ƙarƙashin rumfar kwano, ta jefa ganyen dogon yaro, ta tura manyan itatuwa.

"Kak ki taɓa ruwan sanyi, kak ki hita iska," ta ce. "La'asar ina nan tahe, in gasa ki awa kihi."

Bayan azahar gabas ta yi baƙi. Na kwashe tsummokin jaririya daga igiya, na rufe ƙofa. Iska ta zo, sannan wani abu ya bugi kwanon rumfa kamar an jefa dutse. Wani ya biyo. Kafin in ce wani abu ƙarar ta cika duniya, har jaririya ta farka tana tsala kukan da ba na iya ji. Na leƙa ta kafar ƙofa. Ƙanƙara ce, wata kamar tsakuwa, wata ta kai ƙwan zabo. Tsakar gida ta yi fari fat. Kazarmu mai 'ya'ya ta yi gudu zuwa gindin rumbu, ba ta kai ba.

"Ƙanƙara ta, Inna!"

"Na jiya. Kunnuwana ba su shanye ba."

Da ƙanƙarar ta tsaya, ruwa ya kece kamar ana juye randa. Na zauna ina ba jaririya nono, ina gode wa Allah muna cikin soro. Inna ce ta fara ɗaga kai.

"Ke. Kina jin indararo?"

Na kasa kunne. Kullum in ana ruwa, bayan ɗakin nan ba a jin komai sai zubar ruwa kan dutse. Yanzu babu. Ruwa yana sauka kan soron, kuma ba ya fita.

Ɗigon farko ya faɗo kan zanen da na lulluɓe jaririya, ja, mai ƙasa a ciki. Na matsa gefe. Wani ya faɗo kan gadon Inna. Na sa kwano, na sa ƙwarya, na sa murfin tukunya. Sai wani ɓarɓashin yumɓu ya saki daga tsakanin azara ya fashe a ƙasa, kuma daga sama na ji wata 'yar ƙara, irin ta tsohon gado in mai nauyi ya zauna.

Na san abin da ke biyo bayan wannan ƙarar. Ina yarinya na ga soron da ruwa ya kwanta a kansa. Ƙasar rufin takan sha ta ƙoshi, nauyinta ya ninka, sai azara ta karye gaba ɗaya, ba a hankali ba.

Na miƙa wa Inna jaririya a hannunta mai lafiya, na ɗaure cikina da gyale tamau.

"Ina za ki?"

"Bisa."

"Da ɗanyen jiki? Kin haukace? Sanyi shi shige ki, wa ka ba ta nono?"

"In ginin ga ya hwaɗo, Inna, ba mai shan nonon."

Tsanin yana jingine bayan rumbu. Na ja shi cikin ƙanƙarar da ke cizon tafin ƙafata, na kafa, na hau. Kowane taki sai na ji kamar ana zare wani abu daga marata.

Saman soron ya zama tafki. Ruwan ya wuce idon sawu, tsakiyar kuma ta fi zurfi, alamar ta fara lotsawa. Iska ta koro ƙanƙarar duka zuwa kusurwar da tiyon yake, ta haɗu da ganyen da ta kakkaɓo, ta cushe bakin. Na bi ta kan katanga da gwiwa, don na san in na taka tsakiya zan faɗa kan 'yata da rufin gaba ɗaya. Na sa hannu na kwashe ta sama. Ta ciki ta manne ta zama curi guda, santsi, ba wurin kamawa. Na tona har yatsuna suka daina jin komai. Na zaro kara daga guntun dangar da iska ta yago ta jefo saman soron, na zura, ya shiga kamar kamu ɗaya ya tsaya a gwiwar tiyon. Na danna, ya karye.

Na sauka na ɗauko ƙwarya, na koma na dinga kwasa ina watsarwa. Ina kwasar ɗaya, sama tana zuba goma. Na sake sauka na ɗauko fartanya, na ce bari in fasa katangar in yi wa ruwan hanya. Na sara, simintin Ma'azu ya mayar mini da ita. Na sake sarawa da duk ƙarfina, sai na ji ihun Inna daga ƙasa.

"Bari! Bari! Ƙasa na zubo muna!"

Na same su yumɓu ya rufe ƙafafun Inna, ta dunƙule kan jaririya da kafaɗarta. Na ɗauki waya na kira mijina. Sai a kira na uku ta shiga.

"Baban jaririya, ƙanƙara ta toshe tiyonka. Ruwa ya kwanta bisa, azara na kuka."

"Ƙanƙara? Nan ko ɗigo ba mu gani ba. Ina Gwaggo Hure? Ina su ɗanta Ishaku?"

"Dut suna ƙetare. Ƙorama ta kawo, ina jin ta daga nan."

"Innalillahi. Ki hid da Inna waje."

"Da wane ƙarhi? In kai ta ina?"

Ina jin hayaniyar tasha a bayansa. "Akwai wuta?"

"Tukunyar wanka na bisa."

"To ki ɗebi ruwan zahi ki ɗura cikin tiyon. Shi narke. Kina ji na?"

"Bisa dutsen Inna za shi sauka."

"Sahura, don Allah! Dutse na! Ki yi bisimilla ki zuba, ba abin da…" Rezo ya ɗauke, layin ya yanke. Na sake kira, bai shiga ba.

Inna ta ji komai. Idonta yana kaina.

"Ba ki zuba ma doguwa ruwan zahi."

"Inna, kahin shi kai ƙasa ya huce. Ta cikin ƙanƙara za shi bi."

"Ke kis san zahin da hwatar jinjiri ka ɗauka? Tana da ɗiya nan wurin. Kullum tana da ɗiya. Ki ƙone nata ta bar miki naki?"

Kowa a tungar ya san labarin. Kafin a haifi Ma'azu, Inna ta haifi wani ɗa, Adamu. Matar da ke mata wanka baƙuwa ce, ta kwashi ragowar ruwan zafi ta watsa bayan ɗaki ba tare da ta yi magana ba. Yaron ya wayi gari jikinsa ya yi ƙuraje kamar ƙuna, bai kai arba'in ba. Ni gidan malamai na tashi, babanmu zai ce ajali ne. Na yarda ajali ne. Amma na kalli fuskar 'yata, wadda ko suna ba ta da shi tukuna, na ji ƙafafuna sun ƙi zuwa wurin tukunyar.

Azarar tsakiya ta yi ƙara, wannan karon mai ƙarfi. Ɗigon ya zama zare, yana zuba ba tsayawa.

Na kama tabarmar da ke ƙarƙashin Inna, na sauko da ita daga gadon da ja da turawa, na ja ta zuwa bakin ƙofa inda bango ya fi kauri. Na ji ɗumi yana bin cinyata, na san jini ne. Nan ƙarfina ya tsaya. Waje kuma iska tana kaɗo ruwa har ƙarƙashin rumfa, bukkar Inna ta zama kwando.

"Ɗauki ɗiyarki ki tahi rumhwa," ta ce. "Ki bar ni. Na ci nawa."

"Ba ni barinki."

"Ɗiyar mutane, ban son gardama."

"Ni ma ban so, Inna." Na durƙusa a gabanta. "In na kai ta rumhwa cikin iskan ga, sanyi shi kashe ta. In na bar ta nan, gini shi kashe ta, shi kashe ki. In na zuba ruwa kin ce a ɗauke ta. To ki hwaɗa min inda zan aje ta. Ke kin haihu, kin rasa. Hwaɗa min."

Leɓenta na ɓarin da ya shanye yana motsi shi kaɗai. Ta kalli jaririya, ta kalli rufin.

"Ana gaya mata," ta ce a ƙarshe. "In an kira sunanta an gaya mata, tana kauda ɗiyanta. Waccan matar ba ta gaya mata ba."

"To ki gaya mata!"

Ta buɗe baki ta gwada. Abin da ya fito ko ni da ke gabanta da kyar na ji, balle bayan ɗaki cikin wannan ruwan.

"Ba ta ji na," ta ce. "Ke za ki kira ta. Matso."

Na kai kunnena bakinta. Sunan doguwar gida ba a ba kowa. Uwar mijinta ce ta ba Inna, ita kuma ko ɗanta ba ta faɗa wa ba.

"Maijego," ta ce.

Na ɗauka ni take kira. Na ce, "Na'am?"

"Ba ke ba, sakarya. Sunanta ke nan. Mi kika tsammani yas sa ban taɓa ce miki shi ba? In kira ta cikin ɗaki, ga jinjiri kwance?"

Ban sami lokacin jin komai game da wannan ba. Na fita.

Wutar ta kusa mutuwa amma tukunyar tana turiri. Bokiti ba zai hawu tsani ba, don haka na cika butar alwala ta ƙarfe, na ɗaure hannunta da bakin gyalena, na rataya a wuya. A tsakiyar tsanin ƙafata ta zame, ruwan ya fantsamo mini a ƙirji. Na cije, na ci gaba. Na rarrafa kan katangar har kusurwa, na leƙa ƙasa. Ga dutsen can, baƙi, ƙanƙara ta kewaye shi.

Na yi bisimilla kamar yadda babanmu ya koya mini. Sannan na buɗe murya.

"Maijego! Maijego ta ka magana! Kauda ɗiyanki, ruwan zahi na tahe. Ba don raini ba. Tawa na ƙasan ginin ga, ko suna ba ta da shi. Kauda naki, ki bar min tawa!"

Na ɗan jira, gwargwadon yadda mace za ta sunkuya ta ɗauki yaro. Sannan na tare ruwan soron da cinyata don kada ya sanyaya nawa, na sa bakin butar cikin tiyon, na tsiyaya a hankali.

Ƙanƙarar ta yi 'yar ƙara, ta lotsa kaɗan. Shi ke nan. Butar ta ƙare.

Na sauka, na cika, na hau. Na sake kiran sunan, na sake zubawa. Hannuna ya shiga har wuyan hannu yanzu, amma can ciki tana nan daram. Da na sauka karo na gaba sai da na zauna cikin taɓo, don idona ya rufe. Ina jin kukan 'yata daga ƙofa, ina jin Inna tana mata wata waƙa da rabin baki. Na tashi. Ban san sau nawa na hau tsanin nan ba. Na san dai ƙwaryar ɗiba ta fara kankarar gindin tukunya, ganyen dogon yaro yana biyo ruwan.

Da na hau da butar ƙarshe, tsakiyar soron ta lotsa har ruwan yana juyawa a wurin. Ba ni da muryar kira kuma. Na ce, "Maijego, ki yi haƙuri," kamar mai magana da wadda ke zaune kusa da ni. Na zuba duka, na kwanta kan katangar, na kai hannu na doki gwiwar tiyon da gindin butar. Na sake doka.

Wani abu ya motsa a ciki. Tiyon ya yi tari, ya girgiza, sai curin ƙanƙara mai tsawon hannu ya fito ta ƙasa ya tarwatse kan dutsen. Ruwan ya biyo da ƙarfin da ya kusa jan zanena. Na zauna ina tare ƙanƙarar da ke tahowa da hannu biyu, ina watsar da ita waje kafin ta kai bakin, har ƙasar rufin ta fara bayyana.

Da na shiga ɗaki, azarar tsakiya ta tsage amma ba ta rabu ba. Na mirgino turmi, na kafa tabarya a kansa, na tokare ta. Sannan na zube kusa da Inna.

Ba ta ce mini sannu ba. Ta ce, "Kwance ta."

Na warware jaririya. Inna ta bi jikinta da yatsun hannunta mai lafiya, bayan kunne, hammata, tsakanin 'yan yatsun ƙafa, ta sa na juya ta, ta duba baya. Fatar lafiya lau. Ta ce in rufe ta, gobe ma za ta duba, da jibi.

"Da ƙarhi kinka kira ta?"

"Har muryata ta tahi."

"Na jiya," ta ce. "In ni na jiya, ta jiya."

Gab da magariba ƙorama ta faɗa, mutane suka fara dawowa. Gwaggo Hure ta shigo jiƙe sharkaf, ta ga tukunya wayam, ta ga tsani, ta ga ƙunar ƙirjina da jinin da ke zanena. Ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni Hure! Na ce kak ki hita iska, ke kuma sai kin hau inda iskan ya hi yawa? Ina ruwan wankan?"

"Indararo ya yi wanka da shi," in ji Inna. "Hura wata wuta. Ki aika Ishaku shi kwaɓe robar can, shi ɗauko giginyar da ke bayan rumbu shi maida, kahin hadarin gobe. Mai buɗaɗɗen bisa, wadda hannu ka shiga. In ɗana ya zo da magana, shi same ni."

"Shi same ni ni ma," na ce.

Gwaggo Hure ta durƙusa ta kama fuskata da tafukanta masu sanyi. "Sannu. Kai, sannu maije…"

Ni da Inna muka yi gyaran murya tare.